Jar Safar da Ta Hana Ni Zuwa Duwala

Dukanku kun taso kun tarar ana ce mini Burgami, har wasu daga cikin jikokina sun ɗauka sunan yanka ne. Wannan bai taɓa damuna ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da jikana Habu ya kwaso mini daga majalisar tsofaffin 'yan ƙwallo, wai kakanku Malam Sale da gangan ya ɗinka mini abin da ya ɗinka, don a yi mini dariya a fili in fasa tafiya kudu, in zauna in riƙe masa rumfa. Wanda ya faɗi haka ko dai bai san Baba ba, ko kuwa tsufa ya fara taɓa shi. Ni nake wurin, hannuna ne ya shiga safar nan, saboda haka ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Baba baduku ne ɗan baduku. Iyayensa daga Maruwa suka gangaro Garwa da basillarsu, shi kuma ya kafa rumfa a bakin kasuwa yana ɗinka kube da alabe da gafaka da takalma, ran Lahadi ya ɗaure kaya ya tafi cin kasuwar Pitowa. Lokacin garin yana tashe, domin shugaban ƙasa na wancan zamani ɗan garinmu ne, ko'ina gini ake yi, da damina kuma jiragen ruwa su hawo Binuwai su kwashi auduga da gyaɗa. Ni kaɗai ne namiji a gidan. Tun ban iya ɗaura wando ba ya sa mini basilla a hannu, kuma ba yabon kai ba, na iya ɗinki har Baba yakan juya aikina ya sake juyawa, in ya rasa abin cewa sai ya ce zaren ya yi kauri. Iyakar yabonsa ke nan. To amma Allah ya jarrabe ni da tsaron gida a wasan ƙwallo. Filinmu ba ciyawa ko ta magani, tsakuwa ce zalla, kuma a lokacin babu golan da ya san wata safar hannu, yawu ake tofawa a tafi a murza a ce bismillah. Wata rana na karya ƙaramin yatsan hagu, na yi wata biyu ban riƙe basilla ba, a daidai lokacin da idon Baba ya fara yin hazo. Tun daga nan ya ɗauki wata al'ada. Duk ranar da na dawo daga fili, kafin in wanke ƙafa sai ya ce in miƙo hannu, ya bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasawa kamar mai taya akuya a kasuwa. Bai taɓa tambayar wa ya ci wasan ba.

"Mutum goma suna wasa da ƙafa," in ji shi, "kai kaɗai ka zaɓi ka miƙa abin da kake cin abinci da shi. Wannan wace irin ƙaddara ce?"

Inna Bafulatana ce, ni kuma ɗan fari, don haka har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunana ba. Daga bakin murhu takan amsa masa.

"Ka ƙyale shi, Malam. Wannan tun yana ciki hannu yake miƙewa, ban taɓa jin ƙafarsa ba."

A shekarar da nake ba ku labari ne aka kawo wani Bature makaniken injin gurzar auduga. Sunansa Remo, amma garin nan kun san shi, kwana biyu aka raɗa masa Giɓi, domin haƙoransa na gaba duk babu. Fuskarsa kuwa tabon ɗinki ne ta ko'ina, kamar tsohuwar ƙwaryar da aka yi ta ɗinkewa, idonsa na hagu fari fat ba ya gani da shi. Mutumin Kanada ne, Faransancinsa ma sai ka kasa kunne sosai, kai ka ce goro ne cike da bakinsa. Kullum da yamma sai in waiga in gan shi tsaye bayan ragata da malafa, ba ya ce wa kowa uffan. Ran nan bayan an tashi ya tare ni ya ce kana da hannu, kana da zuciya, amma kana rufe ido. Na ce ban rufe ba. Ya ɗauki ƙwallo ya ɗirka mini a fuska ba zato, na kuwa runtse. Ya yi dariya da giɓinsa ya ce ka gani. Daga ranar ya shiga koya mini in kalli ƙwallo har ta taɓa ni, in daina tsalle inda taku biyu zai isa, in fito in rage wa mai bugu raga. Cikin 'yan watanni sunana ya kai har Mokolo. Ban san inda makanike ya samo wannan ilimi ba, sai ranar da ya tambaye ni ko na san wani mai aikin fata, wai gara ta shiga masa akwati.

Na kai shi rumfar Baba da buhunsa. Ya zazzage wasu kaya da ban taɓa ganin irinsu ba. Akwai wasu manyan matasai biyu na fata da ake ɗaurawa a ƙafa, daga idon sawu har cinya. Akwai safar hannu biyu da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan, ta hagu mai baki kamar burgami, jakar nan ta fatar akuya, ta dama kuma an ɗora mata wani faffaɗan abu a baya kamar allo. Baba ya shinshina fatar, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya zura hannu inda gara ta huda matashin ya zaro abin da ke ciki. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Audugar rimi ce! Ashe rimin nan namu har ƙasarsu ya je. Ɗan nan, tambaye shi, wannan kayan yaƙi ne?"

Ni ne tafinta. Giɓi ya ce kayan wasa ne, wasan da ya ci abinci da shi shekara goma sha wani abu, kuma aikinsa a ciki tsaron gida.

"Irin aikin da ɗan nan yake yi?" in ji Baba.

"Shi ne, Papa," in ji Giɓi. "Aiki ɗaya ne."

Da bakina na fassara wannan magana, kuma ban ga aibunta ba. Baba ya yi ta jujjuya safar. Can ya ce, "Kai an ba ka wannan, shi kuma an tsayar da shi hannu tsirara." Ba tambaya ya yi ba, don haka ban fassara ba.

Gyaran ya ɗauki makonni, Baba kuwa da gangan yake jan sa, don Giɓi ya riƙa zuwa. Bayan la'asar sai ya zo ya zauna a kan buzu, Inna ta aiko masa da kunun gyaɗa, ya ce useko, wato na gode, ita ce kalmar Fulatanci ɗaya da ya iya, sannan ya shiga ba da labari ina fassarawa. Wai a garinsu kogi daskarewa yake yi har mota ta bi ta kai. Samari sai su sa takalma masu wuƙa a ƙasa, su riƙe sanduna masu lanƙwasa, su yi ta korar wata 'yar baƙar roba da ba ta fi waina ba amma tauri kamar dutse. Shi ne ƙarami cikin mazan gidansu, bai iya gudu a kan ƙanƙara ba, shi ya sa yayyensa suka dasa shi a raga suna jifarsa, har ya saba. Da ya girma aka ɗauke shi ana biyansa. Ya yi yawo daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan a cikin motar safa, duk lokacin sanyi yana tare jifa, da rani ya koma gareji. In robar ta fasa masa fuska sai a dakatar da wasa, likita ya ɗinke shi a ɗakin baya ba allurar kashe zafi, a mayar da shi raga, don ba su da wani golan. Sau ɗaya tak aka kira shi babban birni, ya yi mako guda a kan benci yana kallo, aka sallame shi. Da idon ya tafi aikin ya ƙare, sai ya nemi ƙasar da ba zai sake ganin ƙanƙara ba. Allah ya amsa masa da gaske, ya jefo shi Garwa a watan bazara.

"A kan ƙanƙara," Baba yakan maimaita, "irin wadda ake sawa a lemo. To wa ya aike su?"

Wata rana har ya ce Giɓi ya matso, ya shafa tabon da ke haɓarsa.

"Wannan ɗinkin gaggawa ne, abokina. Wanda ya yi shi bai ja zare daidai ba. Da wurina aka kawo ka da ba a ga tabo ba."

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa wani mutum zai taso daga Duwala, daga wata babbar ƙungiya, yana neman gola. Zai kalli wasanmu da 'yan Maruwa, in na yi yadda ya ji ana faɗa, tare za mu koma. Ku da kuka taso da talabijin ba za ku gane abin da wannan yake nufi ba. Albashi ne, fili mai ciyawa ne, sunanka a rediyo, watakila har ka shiga jirgin sama. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so tafiyar nan ba, har da auren uwarku, kuma ta san haka don na gaya mata. Na sami Baba a rumfa na durƙusa na faɗa masa. Na shirya wa faɗa, na shirya wa kowa ya bar gida gida ya bar shi. Bai ce ko ɗaya ba. Ya tambaye ni yaushe ne wasan, na ce saura mako uku. Ya ce to. Inna ce ta yi ta magana a gida kwana da kwanaki, wai mutanen kudu ba su san fura ba, wai ruwan sama ba ya ɗaukewa a can, wa zai wanke mini kaya. Baba kuwa sai ya daina zuwa rumfa da safe. Ya bar mini ita, ya shige ɗakin baya ya saki asabari, ya ce kada kowa ya leƙo. Na ɗauka fushi ne, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Inna ma ta shiga cigiyar wata ƙwaryarta ta dama fura da ta ɓata, har ta zargi 'ya'yan maƙwabta.

Ana gobe wasa, da hantsi, ya kira ni. Yana zaune a kan tabarma, idanunsa sun yi ja suna ta hawaye saboda aikin da ya tilasta musu. Ya ɗaga wani zane. A ƙarƙashi ga safar hannu biyu, sababbi, na jar fatar akuya, irin fatar da yake ɓoyewa don kuben manya. Ta hagu burgami, ta dama allo, sak irin na Giɓi. Allon ba katako ba ne, kirgi ne ya jera hawa-hawa ya cusa audugar rimi. Burgamin kuwa ya fi na Giɓi girma nesa ba kusa ba, domin ya ji an ce ƙwallonmu ta fi tasu, shi kuma bai taɓa riƙe ƙwallo a hannunsa ba, sai ya auna da ƙwaryar Inna. A rayuwata ban ga ɗinki mai kyau kamar wannan ba, kuma mutumin da ya yi shi da lalube ya yi rabinsa.

"Sa mu gani," in ji shi.

Na sa. Sun zauna mini cif, don ya san tsawon kowane yatsa nawa fiye da yadda na sani.

"Tunda tafiya za ka yi, ka tafi kamar yadda 'yan'uwanka masu wannan aiki suke tafiya. Ba za a ce ɗan baduku ne ya je Duwala hannu tsirara ba. Gobe ba ni zuwa Pitowa, fili zan zo. Idon nan ba ya rarrabe mutane daga nesa, amma ja ina ganinsa. Shi ya sa na yi su ja, don in san inda kake."

Na yi godiya, na fita. Ku da kanku kun san golan ƙwallon ƙafa da hannu biyu yake kamawa, ya rungume, ya jefa. Da waɗannan ba abin da zan iya sai dai in doke ko in kamfata. Na hau keke na nufi gidan Giɓi. Da ya ga abin da na zaro daga buhu sai ya zauna a kan matakala, ya daɗe yana shafa ɗinkin, ya ce ko a ƙasarsu ba a yin irin wannan. Sannan ya ce laifinsa ne, shi ya ce aiki ɗaya ne, in ina so zai je ya yi wa Papa bayani da kansa. Na ce da wane baki, ai ni ne tafinta. Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na tambaye shi, da kai ne yaya za ka yi? Ya ce ba zai gaya mini abin da zan yi ba, amma zai gaya mini abin da shi ya yi. Wai a shekarunsa na ƙarshe an fara yin wani abin rufe fuska ga masu tsaron gida. Ƙanwarsa ta tara kuɗi ta saya masa. Ya sa sau ɗaya, 'yan kallo suka yi masa ihu, mai horar da su ya ce matsorata ke sa wannan. Sai ya cire ya jefa a akwati. Bai cika wata biyu ba robar ta sami idonsa.

"Ban taɓa jin tsoron robar ba," in ji shi. "Dariya na ji tsoro. Yanzu ko sunan mutum ɗaya cikin masu dariyar ba na tunawa, ƙanwata kuwa har yau na kasa haɗa ido da ita."

Ya ƙara da cewa nasa ya bambanta da nawa, shi abin zai taimake shi, ni kuwa zai kayar da ni, kada in ruɗi kaina. Na koma gida ban yanke komai ba. A raina na ce zan sa su in shiga fili, in Baba ya gani ya ji daɗi sai in cire in ajiye a gindin raga.

Ran wasa fili ya cika maƙil. Giɓi ya riƙo hannun Baba ya zaunar da shi a kan 'yar kujera daidai bayan ragata. Da na fito da jajayen hannuwana, sai wurin ya yi tsit, sannan ya fashe. Wani ya ƙwala, "Burgami!" Shi ke nan, suna ya kama. Alƙalin wasa ya zo ya lallatsa allon, ya sosa ƙeya, ya ce shi dai bai taɓa jin dokar da ta hana ba. Na ji Baba yana tambayar Giɓi da 'yar Hausar da suke lallaɓawa da ita, me ake wa ihu? Giɓi ya ce murna ce, Papa, ba su taɓa ganin aiki irin wannan ba. Kuma bai yi ƙarya ba. Na duba gindin raga inda na yi niyyar ajiye su, na duba Baba da bai fi taku biyar da wurin ba, sai na ce bari dai a fara.

Bugun farko da aka yi mini na sa allo na doke, ƙwallo ta tashi har tsakiyar fili, aka yi tafi. Na biyu na miƙa hagu ta faɗa cikin burgami tsulum, fili ya ɗauka, har na fara cewa ko Allah zai rufa asiri. Amma da na zo fito da ita sai ta ƙi, domin ƙwaryar Inna ta ɗan fi ƙwallo tsukewa. Sai da na dafe da gwiwa na ɓamɓaro ta, mutane suna faɗuwa ƙasa don dariya. 'Yan Maruwa kuwa ba wawaye ba ne, nan da nan suka gane. Suka daina ɗaga ƙwallo, suka koma turo ta ƙasa-ƙasa ta dama. Ta farko ta zame a kan allo ta koma ƙafar mai bugu. Ta biyu irin wadda nake kamawa ko ina gyangyaɗi ce, ta bi ta tsakanin hannuwana ta wuce. Aka tafi hutu suna da biyu muna nema.

Muna zaune a gefen fili 'yan wasanmu suka kewaye ni. Kyaftin ɗinmu Bello kamar zai yi kuka.

"Useko, Isiyaku, don Allah ka rufa mana asiri. Mun san darajar Malam, amma cire abin nan."

Sai ga mutumin Duwala da kansa, da kwat da baƙin tabarau. Bai yi fushi ba, a hankali ya yi mini magana da Faransanci. Ya ce ya ga tsayuwata, ya ga fitata, ya san wani ya koya mini da kyau. In na cire wannan kaya ya ga hannuna a ragowar wasan, akwai magana. In ban cire ba, shi gola ya zo nema, ba ɗan kama ba. Wallahi gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Na sa haƙori na fara kwance igiyar ta hagu. Na riga na warware ƙulli ɗaya sai na jiyo muryar Baba daga can ɗaya ragar, inda Giɓi ya mayar masa da kujera don can zan koma bayan hutu. Ya miƙe tsaye, ya kare goshi da tafin hannu, yana ta waige-waige a fili. 'Yan wasa sun tare ni.

"Ina ya shiga? Abokina, ban ga jan ba. Ko an ji masa ciwo ne?"

Ban san lokacin da na ɗaga hannu sama ba. Ya tsayar da kai daidai inda nake, ya gyaɗa shi sau biyu, ya koma ya zauna ya gyara rigarsa. Na miƙa wa Bello igiyar na ce ɗaure mini. Ya dube ni, ya dubi tsohon, ya ɗaure. Mutumin Duwala ya ɗaga kafaɗa ya koma wurin zamansa. An tashi uku da ɗaya. Ba zan yi muku ƙarya in ce safar ta ceci hannuna a ranar ba, babu wanda ya taka ni, babu wanda ya shure ni. Kayar da ni kawai ta yi, kamar yadda Giɓi ya ce.

Da aka tashi na je na durƙusa gaban Baba. Ya kwance igiyoyin da kansa, ya bi yatsun kamar kullum, sannan ya tambaya.

"To yaushe ne tafiyar?"

"Babu tafiya, Baba. Golan Maruwa ya ɗauka."

"Wancan mai hannu tsirara?"

"Shi."

Ya saki hannuna. Sannan ya girgiza kai ya ce, "Allah ya tsare masa yatsu. Uban wani ne zai yi ta lissafi."

Ga abin da nake so Habu ya kai wa majalisar tasa. Da muka koma gida Inna ta kira ni ɗakinta, ta jawo wani abu daga ƙarƙashin gado. Jakar tafiya ce ta fata, sabuwa, mai aljihu biyu da madauri, irin wadda ake yi wa mai tafiya mai nisa. Ta ce ita ya fara ɗinkawa kafin safar, washegarin ranar da na gaya masa, ya ba ta ajiya ya ce sai ranar rakiya. Mutumin da yake son ya hana ka tafiya ba ya ɗinka maka jaka. Ita ce wadda kuka ga na je Makka da ita, kuna cewa in sayi ta zamani.

Kada ku ɗauka abin bai yi mini ciwo ba. Ya yi, kuma ya daɗe. Golan Maruwan nan ya yi suna, ya shiga jirgin saman da na yi mafarki, kuma na yi shekaru in na ji an ambace shi a rediyo sai in tashi in kashe. Akwai ranakun da nake zaune a rumfa ina huda kirgi ina jin haushin kowa, har da Baba, har da Giɓi da ƙanƙararsa. Na ƙara shekara guda ina wasa. In zan fita sai in rataya safar a wuya, in na isa fili in rataye ta a raga. Baba bai sake zuwa ba, don jan ma ya daina ganinsa. Daga nan rumfa ta dawo hannuna gaba ɗaya, da ita na aurar da ƙannena, da ita na yi muku karatu. Giɓi ya koma ƙasarsu bayan shekara uku. Ranar sallama ya rungume Baba yana kuka, Baba yana ce masa ya gai da ƙanwarsa.

Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne garin nan. Garwa da ba a riƙe magana, inda in ka yi tuntuɓe a bakin gada kafin ka isa kasuwa an ce mota ta buge ka, amma babu mahaluƙin da ya taɓa gaya wa Baba cewa safarsa ba ta wasanmu ba ce. Masu dariyar nan su ne suke biyowa ta rumfa su ce, Malam Sale, ina aka kwana a kan safar ƙanƙara? Shi kuma ya yi murmushi ya ce ai fatar ce mai kyau. In yara sun bi ni suna Burgami, Burgami, ya ɗauka kirari ne. Ni ma a hankali na ɗauke shi haka.

Na zaci ya tafi bai san komai ba, sai a ciwonsa na ƙarshe. Wata safiya ina ba shi kunu ya ce in ɗauko masa safar. Na ɗauko. Ya zura hannu cikin burgamin, ya bi bakinsa da yatsa a hankali, ya zagaya ya dawo.

"Na ji lokacin da ta maƙale," in ji shi. "Na ji dariyar, ni ba yaro ba ne. Ƙwaryar uwarka ta cuce ni. Da na ƙara wa bakin nan faɗin yatsa biyu, da an ɗauke ka."

Ashe shekara da shekaru abin da yake ɗauke da shi ke nan, yana ganin ɗinkinsa ne ya gaza. Na ajiye kofin. Na zare safar daga hannunsa, na sa hannuwana a cikin nasa.

"Baba, ƙirga."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasawa, har ƙaramin na hagu da ya taɓa karyewa.

"Goma," in ji shi.

"To don me ka ɗinka ta, in ba don su ba?"

Ya damƙe yatsuna. Ya riƙe su dai bai saki ba, har kunun ya huce.